Kebul ɗin da Idi Ya Aiko

Ƙofar Durbi, Katsina
15 ga Afrilu, 2006

Zuwa ga ƙanena Idi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal, ya Delu da yara? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya hana kowa sakat. Innarka ta zo shekaranjiya, ƙafar ta yi sauƙi, bakin kuwa yana nan yadda ka san shi. Ta'aziyyarka ta iso ta hannun Garba direba, Allah shi saka da alheri.

Mutane na cewa kai ɗan ƙanwar uwata ne. Ni dai abin da na sani, a bayana ka yi wayo, shi ya sa zan faɗa maka abin da ban faɗa ma kowa ba. Ba zan iya a waya ba. Salula ɗaya ce a gidan, ta Babaji ƙanen Malam, kuma in ya miƙo mani sai ya tsaya a kaina yana jira.

Kwana biyu kafin Malam ya cika, ya nuna mani tsohuwar kwamfutar ɗakinshi da haɓa, ya ce, "Na bar maki magana a ciki." Na ɗauka zafin ciwo ne. Bayan sadakar bakwai na kunna. Idi, ashe tun da hannunshi ya fara rawa ya kasa rubutu, in na tafi makaranta sai ya zauna yana magana a makirufo. Guda goma sha tara ne, ya sa masu lamba, sai wani ɗan ƙarami a sama da ya rubuta ma "gwaji", shi ban ma buɗe ba.

Ka san Malam. Shekara ashirin da bakwai muna tare, ranar da ya ce "sannu da aiki" to ranar ya yi surutu. Amma ga shi a cikin akwati yana zuba har rabin awa. Na yi kuka, na kuma yi dariya, don har ƙorafin gishirin miyata ya yi, abin da bai taɓa yi a gabana ba. Sai na tsara ma kaina guda ɗaya duk Juma'a in maza sun tafi masallaci, don su raka ni har ƙarshen takaba.

Jiya na ji na biyar. A ƙarshenshi ya ce, "A na gaba zan faɗa maki ranar da muka kai yaron nan." Ka san wanda yake nufi, ɗanmu Amiru. Shekara ashirin da huɗu ke nan, aka fita da shi a tabarma, ni ina ciki tare da mata. Malam ya dawo ya wanke ƙafa ya shiga ɗaki, bai ƙara tada zancen ba har ya bar duniya. Ban san wa ya sa shi a rami ba, ban san gefen da yake ba.

Yana gama faɗar haka kwamfutar ta fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ta daskare. Nan take na kashe ta.

Ga tawa nan, ta hannun da Malam ya saya mani bara don aikin makaranta. Akwai yadda za a yi maganar ta ƙaura ta koma cikinta? Kada ka ce a kai ma mai gyara. Ni ba na fita, namiji bare ba ya shigo mani, kuma abin da Malam ya jira ya mutu kafin in ji, ba zan bari yaran shago su riga ni ji ba.

Yayarka,
Zuwaira

*

Fatakwal
29 ga Afrilu, 2006

Yaya Zuwaira,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, ya ƙarin haƙuri? Allah shi jiƙan Malam Haruna, shi sa ya huta. Delu da yara lafiya, suna gaishe ki.

Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Na tuna Amiru, na tuna yadda yake kama mani kunne in na ɗora shi a wuya. Ina makarantar kwana lokacin, da ina nan da na faɗa maki abin da na gani.

Yaya, ƙarar nan ba ta da kyau. Faifan da ke riƙe da komai a cikin kwamfutar ne ke mutuwa, kuma duk kunnawa rage mashi kwana take. Ina roƙonki kada ki ƙara sauraron ko ɗaya. Ki daure. Mu fara fitar da su, sannan ki ji su sau ɗari in kina so. Na san kwamfutar, ni na haɗa mashi ita. Ta tsufa da karɓar filas, kuma ba ta buga faifan CD. Hanya ɗaya ce, kebul daga ita zuwa taki kai tsaye.

Ga shi nan a ambulan. A bayan kowace akwai rami irin na wayar tarho ta gida, sai dai ya fi faɗi. Ki tura baki ɗaya nan, ɗaya can, har ki ji ya ce ƙas. In sun ga juna, wata 'yar fitila koriya za ta kama a gefen ramin. Lambobin da za ki rubuta ma kowace suna takarda ta biyu, na zana maki komai. Kamar gida biyu ne a layi ɗaya, tsohuwar lamba ɗaya, taki lamba biyu.

Cikin gaggawa na haɗa shi, jirgi mai saukar ungulu na jiranmu, in kin ga aikin bai yi kyau ba ki yi haƙuri. Zan yi sati huɗu a kan teku, can ba waya, takarda ma sai na sauko. Tun da kuɗin mai ya tashi ba sa barin mu mu numfasa.

Ƙanenki,
Idi

*

Ƙofar Durbi, Katsina
13 ga Mayu, 2006

Idi,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan teku ta bar ka lafiya. Mu nan hadari na ta haɗuwa yana watsewa, ruwa bai sauka ba tukuna. An yi arba'in tuni, gida ya yi shiru, sai Hure maƙwabciyata da ke leƙo ni da rana.

Saƙo ya iso, na gode. Na bi takardarka layi-layi kamar ɗalibar da ke tsoron bulala. Da ka gan ni durƙushe bayan tebur da tabarau, yanar gizo-gizo a ɗankwali, da ka yi dariya. Hure ta same ni haka ta ce, "Malama, wannan wace irin takaba ce da wayoyi?" Na ce mata ƙura nake sharewa.

Na tura, ya ce ƙas nan, ya ce ƙas can. Na rubuta lambobin, na duba su sau uku. Fitila ba ta kama ba. Na juya bakunan, na hura ramin, na kashe na kunna. Na sauya wurin zamansu ma, na matso da su kusa da juna, ko da yake na san wauta ce. Tawa sai ta rinƙa nuna wani ɗan jan kuros a ƙasa, tana cewa ba a haɗa komai ba, alhali ga shi a haɗe ina gani.

Kebul ɗin kam lafiyarshi ƙalau, na tabbatar, kada ka sa shi a ranka. Ka duba mani wani wurin.

Na riƙe alkawari, ban saurari ko ɗaya ba. Amma ka san wahalar? In na kunna don gwaji, ga na shida nan a gabana, yatsana a kanshi, sai in kawar da kai in kalli bayan akwati ina jiran fitila. Juma'a huɗu ke nan. In liman ya tada salla sai in ji gidan ya yi mani faɗi. Ƙarar kuma ta ƙaru, jiya sai da na kunna sau uku kafin ta farka.

Ina tsoro, Idi. Ban ji tsoro haka ba ko a asibiti.

Yayarka,
Zuwaira

*

Fatakwal
9 ga Yuni, 2006

Yaya,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Na sauko tun ƙarshen Mayu, amma sai yau takardarki ta zo hannuna. Motar Garba ta lalace a Lakwaja, ya bar ta ya koma gida neman kayan gyara, takardar na cikin aljihun ƙofa. Na kira lambar Babaji sau biyu, yana kasuwa, ya ce kina lafiya. Ban iya ce mashi komai ba.

Na kasa cin abinci kan maganar nan. In fitila ba ta kama ba, to ba laifin lambobi ba ne, ki bar wahalar da kanki da su. Abu uku ne kawai, ko ramin tsohuwar, ko ramin taki, ko kebul. Ramin tsohuwar na aiki, da shi na zuba ma Malam littattafai da babbar salla. Taki ma na gwada ta lokacin. Kebul kuwa kafin in sa shi a ambulan sai da na haɗa kwamfuta biyu da shi a ofis, fitila ta kama nan take.

Shi ya sa layi ɗaya a takardarki ya tsaya mani a rai. Kin ce kin tabbatar da lafiyarshi. Yaya, ta yaya kika tabbatar?

Ki yi mani abu ɗaya. Ki ɗaga bakunan biyu a hasken rana, za ki ga silili takwas masu launi a cikin robar. Ki rubuto mani jerinsu daga hagu zuwa dama, na wannan baki da na wancan. Kafin nan kada ki ƙara kunna ta ko na minti ɗaya, don Allah.

Idi

*

Ƙofar Durbi, Katsina
18 ga Yuni, 2006

Idi ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Ruwa ya sauka, Babaji ya tafi gonarshi ta Batagarawa shuka. Innarka lafiya.

Ba sai na ɗaga shi a rana ba, na san jerin da ka. Bakunan biyu iri ɗaya ne sak, kowanne ya fara da ruwan lemo. Ni na sa aka mai da su haka.

Ranar da ya iso, kafin in tura shi ko'ina, na duba shi. Ka san halina, shekara ashirin da biyar ina duba littattafan yara, idona ba ya wuce kuskure. Sai na ga baki ɗaya ya fara da ruwan lemo, ɗayan ya fara da kore. Na koma takardarka, ga shi ka rubuta da hannunka cewa cikin gaggawa ka haɗa, in aikin bai yi kyau ba in yi haƙuri. Na ce wayyo, yaron nan ya rikice, jirgi na jiranshi.

Da wani ne da na rubuta na ce ka yi kuskure. Amma kai ne. Na tuna ranar da ka kwance rediyon Baba kana ɗan shekara goma sha uku, ka kasa mai da ita, ya tsai da kai a zaure gaban baƙi ya ce hannunka na ɓarna ne. Kwana uku ba ka ci tuwo ba, ni na rinƙa kai maka fura bayan rumbu. Yanzu ka zama injiniya, Turawa na tambayarka shawara, sai ni da ban san komai ba in ce maka ba ka iya jera launi ba? Kuma kana can tsakiyar ruwa, ka yi wata guda kana cin kanka?

Sai na ba Babaji, na ce wayar makaranta ce, ya kai wani shago a kasuwa a daidaita bakunan. Mai shagon ya yanke ɗaya ya sa sabo. Har ya aiko da cewa wanda ya haɗa bai san aiki ba. Na ji haushin maganar ƙwarai, na ce a raina ba za ka taɓa jin ta ba. Ga shi yau ni ce na faɗa maka.

Ban bi maganarka ta ƙarshe ba don ba ta iso ba. Duk watan da ka yi shiru, kusan kullum sai na kunna na gwada, ina cewa ko yau. In na yi ɓarna ka faɗa mani kai tsaye, kada ka rufa mani yadda na rufa maka.

Yayarka,
Zuwaira

*

Fatakwal
27 ga Yuni, 2006

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaishe ki. Garba na ɗaure kaya, yau zai juyo, don haka zan taƙaita.

Kin ce in faɗa kai tsaye. Bambancin nan da kika gani shi ne aikin. Kowace kwamfuta na da silin da take magana da shi da wanda take ji da shi. In za a haɗa biyu ba wata na'ura a tsakani, dole a harɗe su, bakin wannan ya je kunnen waccan. Da aka daidaita su sai ya zama baki na fuskantar baki, kowace na magana, ba mai ji. Mai shagon irin na ofis ya saba haɗawa, wannan bai san shi ba. Haƙurin da na ba ki kuwa na baƙin salatif ne da na naɗa a wuyanshi a karkace.

Amma laifin nawa ne. Na zana maki shafi guda na lambobi, na kasa rubuta layi ɗaya in ce launukan sun bambanta da gangan. Na san idonki, ya kamata in san za ki duba. Maganar rediyon Baba kuwa, ni na manta da faɗan, furar ce ban manta ba.

Ga sababbi guda biyu, na gwada kowanne sau uku. Kada kowa ya gyara su. In fitila ta kama, ki buɗe tsohuwar daga cikin taki yadda na zana. Ki fara jawo ɗan ƙaramin nan na gwaji, don mu tabbatar hanya ta buɗe. Ƙa'idar aikinmu ke nan, ba a fara gwada hanya da babban kaya. In ya wuce lafiya, sai ki jawo na shida.

Allah shi sa muna da sauran lokaci.

Idi

*

Ƙofar Durbi, Katsina
18 ga Yuli, 2006

Idi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Delu da yara. Na fita takaba ranar Laraba. An yi 'yar sadaka, Innarka ta yi mani kitso, Hure ta kawo lalle. Kowa na cewa na rame.

Na san kana jira, na kuma san shiruna ya riga ya faɗa maka. Sati biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Kebul ɗinka ya yi. Ranar da Garba ya kawo, da hantsi, na yi alwala na yi bisimilla na tura. Tsohuwar ta ƙi tashi sai a karo na biyar. Tana tashi na leƙa baya, sai ga fitilar, koriya shar, tana ƙifta ido. Wata biyu ina jiran abin da bai kai ƙwayar gero ba. Na buɗe daga tawa, ga su nan jere su goma sha tara, da ɗan ƙaramin a sama.

Hannuna ya tafi kan na shida. Sai na ce a'a, Zuwaira, sau ɗaya kika bi son ranki kin ga abin da ya jawo, yau ki bi takarda. Na jawo na gwajin. Kafin in ƙifta ya wuce. Na ce alhamdu lillahi, na jawo na shida. Ya fara tafiya, ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku, sai ƙarar nan ta dawo da ƙarfi, ta yi sau bakwai ko takwas, ta yi shiru. Fitilar ta mutu. Abin da ya fara shigowa tawa ma ya ɓace, ashe ba ya zama sai ya cika.

Ranar Alhamis, fitata ta farko, na naɗe tsohuwar a zane na hau da ita mota har wurin wani dattijon mai gyara. Na ce zan zauna a gabanshi, kuma ba za a sa sifika ba. Ya buɗe, ya kara faifan a kunne, ya gwada shi a wata kwamfutar, ya daɗe. Sannan ya ce, "Hajiya, sai haƙuri." Irin muryar da likita ya yi mani ce.

Na tambayi Babaji ranar da aka kai yaron nan. Ya yi ta tunani, ya ce yana jin an yi ruwa ranar, sauran ya manta. Waɗanda suka je duk sun rasu, sai shi.

Kada ka rubuto kana cewa da ka ce in fara da na shida. Na riga ka, na faɗa ma kaina sau dubu. Na kuma lissafa zaman da na yi a bayan teburin nan ina kallon fitila, ya isa in ji sha huɗun da suka rage har in maimaita. Kai ka tsare ni da ƙa'idarka, ni na tsare ka da shiruna, kowa don ƙauna ya yi. Allah bai nufa in ji ba. Na yafe maka abin da ba laifi ba ne, kai ma ka yafe mani. Amma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta karye, kamar ranar aka sake fita da su biyun.

Sai bayan kwana uku na iya buɗe na gwajin. Daƙiƙa goma sha huɗu ne. Ya hura makirufo, ya ce, "Gwaji, gwaji." Ya yi tari. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Zuwaira! Zo ki ji wani abu." Daga can tsakar gida sai ga muryata, da ƙarar kwanuka, ina cewa, "Na makara, Malam, sai na dawo." Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce a hankali, "To, sai kin dawo."

Shi ke nan. Ban ma tuna ranar ba, Idi. Na yi ta nema a kaina ban same ta ba.

Jiya na koma makaranta. Da aka tashi na shigo gida, ban cire mayafi ba na zauna na kunna. Ya kira sunana, ya ce in zo in ji wani abu. Na ce mashi ga ni, na dawo.

Yayarka,
Zuwaira